Zaman ritaya a ƙauyukan kudancin ƙasar Amurka: zafi, guguwa da maganar zaɓe

Usman Shikago: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin manyanmu da suka riga mu ajiye aiki. Saura shekara biyu in yi ritaya in Allah ya nuna mana, kuma gsky sanyin Shikago ya ishe ni, gwiwoyin nan ba sa ɗauka yanzu. Uwargida ta matsa mu koma kudu, irin ƙauyukan jihar Jojiya ko Alabama inda gida yake da araha a samu fili a yi ɗan lambu. Ni kuma abu biyu ne suka tsaya min a rai, guguwar da ake nunawa duk shekara da kuma siyasar yankin. Wanda yake zaune a can ya taimaka ya faɗa min yadda zaman yake.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam Malam Usman. Ni nan nake kudu maso yammacin Jojiya, ba nisa da birnin Albani, tun da na bar aiki a Atlanta. Bari in fara maka da yadda wuni yake tafiya tunda shi za ka riƙa rayuwa a ciki, guguwa da zaɓe zuwa suke su wuce.

Daga asuba ba na komawa barci, ina idar da salla zan fita in duba awaki da kaji in shiga lambu, domin daga watan Yuni zuwa Satumba in ƙarfe goma ta yi maka a waje to ka shiga uku. Zafin nan ba irin na gida ba ne, ma'auni zai nuna 34 ko 35 ka ce ai mun saba da 42 a Sakkwato, amma nan iskar a jiƙe take, zufa ba ta bushewa a jikinka, rigarka sharkaf tun da safe. Ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da suke bin ido da hanci, ga jar tururuwa da take yin shuri a tsakar gida, in ka taka gidanta ba ka sani ba ƙafarka sai ta yi ƙuraje. Amma ƙasar tana ba da abinci wallahi. Kuɓewa sai ka gaji da tsinka, kullum sai ka zagaya in ba haka ba ta yi ƙarfi, wake yana yi, yakuwa tana yi, barkono da tumatir da kankana duk suna yi. Barewa ce kawai matsala, in ba ka yi shinge mai tsayi ba dare ɗaya za su share maka wake.

Da rana kuma sai zaman ɗaki da na'urar sanyi, karatu, waya da jikoki. Da yamma in fita baranda. Shi ke nan fa rayuwar, wanda ba ya iya zaman shiru kada ya zo.

Hajiya Rabi: Alhaji ka faɗi na daɗin ka bar na wuya. Malam Usman shekarunka nawa, uwargida kuma fa? Ni nas ce, na daɗe ina aiki a jihar nan, wannan tambayar ita ce ta farko kafin maganar kuɓewa.

Usman Shikago: Hajiya ina 61 yanzu, zan ajiye a 63. Ita kuma 57.

Hajiya Rabi: To ka ga inda gizo ke saƙar. Medicare, inshorar lafiyar da gwamnati ke ba tsofaffi, ba ya farawa sai 65, ke nan kai akwai shekara biyu da ba ka da inshorar wurin aiki, ita kuma shida. Sai dai ku saya da kanku a kasuwar inshora, kuma Jojiya da Alabama da Misisipi da Filorida duk suna cikin jihohin da suka ƙi faɗaɗa Medicaid, inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, yadda jiharku Ilinoi ta yi, in kuɗin shigarku ya yi ƙasa sosai kuna iya faɗawa tsakiya, ba ku samu Medicaid ba ba ku samu rangwamen kasuwar inshora ba. Jojiya ta fito da nata tsarin a 2023 amma sai ka nuna kana aiki ko karatu awa 80 a wata. Sannan ko Medicare ɗin ba kyauta ba ne, a 2025 dala 185 ake cire wa mutum duk wata na ɓangaren ganin likita. Kuma kada ka yi gaggawar karɓar Social Security, wato fanshon gwamnati, duk wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama cikakken fanshonsa sai 67, wanda ya fara a 62 ana yanke masa kashi 30 cikin 100 har ƙarshen rayuwarsa, a 63 kuma kashi 25.

Abin da ya fi damuna ma nisan asibiti ne. Asibitocin ƙauye rufewa suke yi, na garin Kutbat ya rufe a 2020 ana tsakiyar korona, mutanen wurin yanzu sai su yi doguwar tafiya kafin su ga ɗakin gaggawa. Shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya awannin farko ne ake ceton mutum a cikinsu. Na sha ganin tsoho an kawo shi lokaci ya riga ya ƙure, don kawai motar asibiti ɗaya ce ko biyu a duk ƙaramar hukumar kuma tana wani kiran.

Alhaji Garba: Hajiya gaskiya kika faɗa ba zan musa ba, shi ya sa ma ban yarda na yi nisa da Albani ba, akwai babban asibiti a can. Amma a faɗi ɗaya ɓangaren, Jojiya ba ta karɓar haraji a kan Social Security, kuma wanda ya kai 65 ana yafe masa haraji a kan kuɗin ritaya har dala 65,000 a shekara, daga 62 zuwa 64 kuma 35,000. Harajin gida ma ba ya kama ƙafar na Shikago. Mutumin da fanshonsa ba shi da yawa nan zai iya rufa wa kansa asiri har ya aika wani abu gida.

Malam Idi Baldosta: Salamu alaikum. Maganar guguwa ku bar min ita tunda ta kanmu ta bi. Guguwar Helene ta sauka Filorida daren 26 ga Satumba 2024 ta shigo mana Baldosta, nan kudancin Jojiya, cikin dare da ƙarfinta ta wuce har birnin Agusta, mu da muke ganin muna nesa da teku ba ruwanmu. Ban taɓa jin ƙara irin ta daren nan ba, iska tana kuka, itatuwan fain suna karyewa ɗaya bayan ɗaya kana jin faɗuwarsu a duhu ba ka san wanne ne zai sauka a kan rufinka ba. Muna cikin banɗakin tsakiyar gida ni da maiɗakina muna ta salati har gari ya waye. Da safe hanya ta toshe gaba da baya da itatuwa da turakun wuta.

Abin da mutumin birni ba ya sani, a ƙauye ruwanka na rijiyar burtsatse ne kuma famfon da wuta yake aiki, in wuta ta tafi ruwa ya tafi, ba wanka ba alwala ba na banɗaki. Mun fi mako a haka cikin zafin nan. Naman da ke firiza duk ya lalace, maganin sukarin maiɗakina sai a kula da ƙanƙara muka riƙa ajiyewa, ƙanƙarar ma sai an bi layi. Mai ya yi wuya, katin banki ba ya aiki sai tsabar kuɗi. Daga baya kuma rigimar inshora, kamfanin da nake biya shekara da shekaru suka fito min da wani sashe a takarda wai in guguwa mai suna ce kason da zan fara biya daga aljihuna daban ne, ya ninka wanda na sani. Don haka duk gidan da za ka saya ka karanta wannan sashen da idonka, kuma ka sani inshorar gida ba ta biyan ambaliya, wannan daban ake saya.

Usman Shikago: Innalillahi. Allah ya ƙara kiyayewa Malam Idi. To duk shekara haka ake yi ko kuwa?

Malam Idi Baldosta: Amin. Lokacinta daga 1 ga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, amma Agusta zuwa Oktoba ne ake zaman ɗar-ɗar. Ba kullum take biyowa ta kanka ba, sai dai mu guguwar Idalia ta taɓa mu a 2023 kafin mu gama gyara Helene ta zo. Ka nemi janareta, jarkokin ruwa, injin yankan itace, rediyo mai batir. Kuma don Allah kada araha ta ja ka ka sayi gidan tirela, irin wanda ake jawowa da mota a kafa, yawancin waɗanda iska ke kashewa a yankin nan ko a cikinsu suke ko itace ya faɗo musu.

Alhaji Garba: Mu tamu guguwar Michael ce, Oktoba 2018. Auduga ta nuna fari fat ana shirin cira, dare ɗaya ta kwashe ta ta watsa a ƙasa. Gonakin pikan kuma, wani ɗan itace ne mai ɓawo da ake nomawa sosai a nan, bishiyoyin da kakannin mutane suka dasa suka kwanta da saiwarsu a sama, kuma sabuwa sai ta yi shekaru kusan goma kafin ta ba da abin kirki. Akwai maƙwabcina tsoho da bai sake dasawa ba, ya ce ba zai ga 'ya'yanta ba. Ban da wannan akwai guguwa mai juyawa da take zuwa ba sallama, ta Janairu 2017 ta yi ɓarna sosai a Albani. Waya za ta yi ƙara ƙarfe biyun dare ka tashi ka shige ɗakin da ba taga. Sannan a Janairu 2025 dusar ƙanƙara ta sauka mana nan kudu har bakin teku, abin da tsofaffin garin suka ce rabonsu da irinsa tun 1973, ba motar share hanya ba komai, gari ya tsaya cak, ni damuwata duk a kan 'yan awakina take da bututun ruwa kada ya fashe.

Aminu ATL: Baba Usman ni dai a yi haƙuri in sa baki duk da yaro ne. Ku je ku ga hanyar da idonku tukuna. Daga birnin Makon ka gangara kudu tutar Trump ce a ƙofar gida bayan gida, wasu har da tsohuwar tutar 'yan tawayen kudu ta lokacin bauta. Baƙin mutum, Musulmi, ga harshe ya nuna baƙo ne, Mama kuma da hijabi, a wurin da kowa yake da bindiga a mota? Ni ba zan kai iyayena can ba gsky.

Alhaji Garba: Aminu ɗana, tutocin nan akwai su ban ce babu ba, maƙwabcina na dama ma akwai allon Trump a bakin gonarsa tun 2016 bai cire ba. Amma shi ne mutumin da ya fara isowa ƙofata da tarakta bayan Michael ya janye itacen da ya tare min hanya, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Ya san ba na cin alade, in ya harbo barewa ba ya kawo min don na yi masa bayanin yanka, sai ya kawo masara da kankana. In zan yanka rago da layya a gonarsa nake saya ya riƙe min ƙafa. Ba ma maganar zaɓe, ya san inda na dosa na san inda ya dosa.

Kuma kada ka ɗauka kudancin nan duk farare ne. Albani yawancinta baƙaƙe ne, ɗan majalisarmu Sanford Bishop baƙi ne ɗan Dimokurat yana kujerar tun 1993. A garin nan aka kulle Martin Luther King a 1961 da 1962 lokacin gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe, tsofaffin matan da suka yi wannan tattakin wasunsu suna nan da ransu kuma ba sa wasa da ranar zaɓe.

Hajiya Rabi: Alhaji kirkin maƙwabci daban, abin da ƙuri'arsa take jawowa daban. Wannan mai taraktar shi ne yake zaɓen mutanen da suka hana faɗaɗa Medicaid, asibitin da zai cece shi ya cece ka yana rufewa saboda marasa inshora sun yi yawa ba mai biya. Kuma a 2020 da aka sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka hana bizar zama, ƙanwata takardunta sun kusa fitowa komai ya tsaya sai da aka soke dokar a 2021. Ni ba zan iya raba wannan da allon da ke bakin gona ba.

Alhaji Garba: Ban ce ki raba ba Hajiya, ni ma ban raba ba, shi ya sa ko zaɓen hukumar makaranta ba ya wuce ni. Abin da nake cewa Malam Usman tambaya ya yi ko zai iya zama lafiya, amsata zai iya. Kuma ƙuri'arsa a nan ta fi nauyi a kan Ilinoi inda an san sakamako tun kafin a jefa. A 2020 ƙuri'a 11,779 ce ta raba Biden da Trump a duk faɗin Jojiya, a Janairu 2021 Warnock da Ossoff 'yan Dimokurat suka ci kujerun majalisar dattawa biyu na jihar, 2024 kuma Trump ya karɓe jihar. Wuri ne da ake fafatawa da gaske.

Aminu ATL: Ai saboda wannan 11,779 ɗin ne suka yi dokar 2021 Baba, suka rage akwatunan ajiye ƙuri'a suka ce laifi ne ka miƙa wa wanda ke layi ruwa. Tsoho a ƙauye da ba ya tuƙi shi abin ya fi shafa.

Malam Idi Baldosta: Wannan haka ne Aminu, amma ana buɗe rumfar zaɓe kusan mako uku kafin ranar zaɓen, mu tsofaffi da safe muke zuwa ba layi. Ni abin da na lura da shi bayan Helene, manoman nan da suke cewa gwamnati ta fita harkarsu su ne suka fi kowa jiran tallafin Washintan, majalisa ta amince da kuɗin a Disamba 2024 amma kafin ya iso hannun mutane an daɗe, ranar nan a shagon kayan gona kowa zagin kowace jam'iyya yake yi ba a ware ko ɗaya ba.

Kawu Lawal Kano: Ikon Allah. Ina ta karantawa daga nan gida. Malam Usman duk wannan wahalar ta mece ce, guguwa, bindiga, asibiti mai nisa? Ka dawo gida mana ka gina a Kano ko garinku, dalarka ta yi maka auki, ka ji kiran salla sau biyar, in ta Allah ta kasance a sallace ka cikin 'yan uwa.

Usman Shikago: Kawu wallahi kullum sai na yi wannan tunanin. 'Ya'ya da jikoki ne duk suna nan, uwargida ta ce ba za ta yi nisa da su ba.

Hajiya Rabi: Kawu fanshon zai iya bin ɗan ƙasa har Kano, amma Medicare ba ya aiki a wajen Amurka. Mai hawan jini da sukari da ya biya wannan harajin shekara talatin da wuya ya tafi ya bar shi. Shi ya sa da yawa suke raba shekara, hunturu a gida sauran a nan.

Alhaji Garba: Kawu ka taɓo inda yake min ciwo. Juma'a sai na yi tuƙi mai nisa, azumi kuma mu biyu ne a gida muke buɗa baki, tarawihi ni ne liman ita ce mamu. Maganar makwanci ma mun yi ta, mun sayi wuri a maƙabartar Musulmi ta wajen Atlanta mun bar wa yara takardun da lambar waɗanda za a kira, domin mai gidan gawa na ƙauye bai san wanka da likkafani ba, in ba a yi sauri ba zai yi wa mutum allurar hana ruɓewa da suke yi wa nasu. Duk wanda zai zo ya gama wannan tun yana da lafiya.

Amma akwai abin da yake riƙe ni. Jojiya ita ke noma kusan rabin gyaɗar Amurka, in Satumba ta yi inji zai bi ya tuge ta ya kifa ta a kan kunya ta sha rana, ƙanshin danyar ƙasa da gyaɗa ya cika gari kamar kana Dawakin Tofa da kaka. A bakin hanya za ka ga tsoho da babbar tukunya yana sayar da dafaffiyar gyaɗa da gishiri, da zafinta a kofi. Kuma garin tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter, Filens, yana kusa da mu, manomin gyaɗa ne, can ya koma bayan ya bar mulki a 1981 ya zauna a ɗan gidansa har ya rasu 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100.

Kawu Lawal Kano: Carter na kurkunu? Wannan mun san shi ai, shi da Janar Gowon suka yi ta yawon ƙauyuka kan maganar tace ruwa, har aka tabbatar Najeriya ta rabu da cutar a 2013. A ƙauyenmu da damina rabin majiya ƙarfi a kwance suke da tsutsar nan a ƙafa ana naɗe ta a tsinke, gona ta lalace. Ashe maƙwabcinku ne.

Alhaji Garba: Shi fa Kawu. Ranar da aka wuce da gawarsa manoma sun jeru a bakin hanya, har waɗanda ba su taɓa zaɓen jam'iyyarsa ba.

Usman Shikago: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa uwargida duka, maganar shekara shida ba inshora ta sa ta yi shiru. Alhaji in mun shirya zuwa gani wane wata ya fi?

Alhaji Garba: Kada ku zo a Maris ko Afrilu, lokacin gari yana da daɗi furanni ko'ina za ku sayi gida a mako ɗaya. Ku zo a Agusta ku ji zafin da ƙwarin, in kun iya to ku kama haya shekara guda kafin ku sa kuɗinku. Masauki kuma akwai ɗaki a gidana.

Hajiya Rabi: Kuma duk gidan da aka nuna muku, ku shiga mota daga ƙofarsa ku tuƙa zuwa ɗakin gaggawa mafi kusa ku duba agogo, in ya wuce minti 30 ku bar shi komai arharsa. Ku tambaya ko asibitin yana da likitan zuciya a kowane lokaci ko sai an tura mutum wani gari.

Malam Idi Baldosta: Ku ɗaga kai ku dubi itatuwan da ke kewaye da rufin ma, sare babban fain guda ɗaya yana iya cin dala dubu ko fiye, a sa shi cikin ciniki tun kafin a sa hannu.